Farantin Satalayit Ya Hau Rufi, Me Ya Sauko Mana Da Shi?

Ina son mu ɗan ajiye rimot mu yi magana a kan baƙon da ya shigo gidajenmu har ya fi uwar gida iko da tsakar gida.

Wadda ta yi wayo tun da can ta san lokacin da abin kallo a ƙasar Kano bai wuce NTA da CTV ba, wato tashar da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Da DStv ta fito a 1995 kuwa sai gidan mai hali, mu na Turawa da Ƙaraye da Rogo labari kawai muke ji.

Wanda ya rushe wannan katanga shi ne StarTimes, kamfanin ƙasar Sin da Pang Xinxing ya kafa a 1988. Ya shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya zo da dikoda mai sauƙin kuɗi. Daga baya ya ce wadda ba ta da kuɗin wata ta biya na mako, ko ma na kwana ɗaya. A 2011 masu DStv suka fito da GOtv don masu ƙaramin ƙarfi. Sannan a 2015 shugaban Sin, Xi Jinping, ya yi alkawarin kai talabijin ƙauyuka 10,000 na Afirka, Nijeriya ta sami 1,000, aka kuma damƙa wa StarTimes aikin.

Gaskiya dai a yaba musu, sun gane abin da manya suka raina, wato da ɗan kaɗan-kaɗan tulu ke cika. To amma 'yar uwa, kuɗin wa ya cika tulun? Ai ribar ƙuli-ƙulinki ce da ɗinkin hularki da canjin cefane. Maigida yana gona ko kasuwa, ke ce mai kallon, sau da yawa ke ce mai biyan. Tunda haka ne kina da bakin tambaya.

Abin da na ga ya gaza shi ne, tashoshi sun yi yawa amma namu kaɗan ne a ciki. Mafi yawan wasannin da ke riƙe mata daga la'asar zuwa dare na Indiya ne da Filifin da Sin, wasu ma an ɗora musu muryar Hausa. Harshen namu ne, rayuwar ba tamu ba ce. Yarinyar cikin wasan ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ba ta san haƙurin jiran kaka kafin a yi mata ɗinki ba. Aikinta kuka da kwalliya da ramuwar gayya har kashi ɗari biyu. Budurwa ta shekara tana kallon wannan, ran da aka kai ta ɗakinta ta ga gado da kwalla da ƙaunar da ba ta da kiɗa, sai ta ɗauka an cuce ta. Wallahi aure da yawa a nan yake fara tsami.

Ba wai ba a yi komai ba. Africa Magic Hausa ta fara a 2010, StarTimes ma tana da tasharta ta Hausa. Amma juya fina-finan da aka riga aka gani daban, zuba kuɗi a rubuta sabon labari daban. Ku dubi Arewa24 da ta fara a 2014. Me ya sa Daɗin Kowa ya shiga ran mata? Don kowacce tana ganin maƙwabciyarta a ciki, da mai talla, da almajiri, da kishiyar da ba shaiɗaniya ba ce, mutum ce mai nata ciwon. Haka Kwana Casa'in da Labarina suka nuna cewa in an ba marubucinmu dama, ba mai tashi daga gaban akwatin.

Saboda haka ni a ganina girman kamfani ba a yawan farantin da ya kafa yake ba. A tambaye shi, marubuta nawa ya ɗauka daga Kano? Labarin matar ƙauye nawa ya shirya, irin wadda ke soya kifin dam ɗin Challawa tana biya wa 'ya'yanta makaranta?

Ke kuma 'yar uwa, ƙarfin yana hannunki. Tunda an ba ki damar biyan na kwana, ranar da babu abin kirki ki riƙe kuɗinki ki zuba a adashi. In za ki kalla da 'yarki, ki zauna kusa da ita, a gama ki tambaye ta abin da ta fahimta, ki ware mata tsaki da tsakuwa. Kada akwati ya riga ki yi mata huɗubar aure.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya shirya mana zuri'a, amin.