Wa Ke Riƙe da Ƙoƙon Jibi? Nazari Kan Shugabancin Ikilisiya Daga Antakiya Zuwa Dutse

Kiristocin Dutse da kewaye ba su da yawa, amma ba tsarin shugabanci iri ɗaya suke bi ba. Angilika suna da bishop a Dutse tun 1996, shekara biyar bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa. Katolika suna ƙarƙashin bishop na Kano. ECWA kuwa, wadda ta fito daga aikin mishan ɗin SIM a 1954, fasto da dattawa ne ke tafiyar da ita. Kowane ɓangare yana cewa daga ikilisiyar farko ya gaji tsarinsa, kuma kowa yana da hujja.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa buƙata ce ta haifi muƙami. Da aka yi ƙorafi kan rabon abincin gwauraye a Urushalima, sai aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanus, su kula da shi. A wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, dattijo da mai kula da ikilisiya kusan mutum ɗaya ne, kuma a nan ne masu tsarin dattawa suka kafa hujja. Amma a farkon ƙarni na biyu, Ignatiyus na Antakiya ya riga ya jera matakai uku: bishop, dattawa, dikonawa. Ya kuma hana a yi baftisma ko Jibin Ubangiji ba da yardar bishop ba. Dalilinsa tsoron rarrabuwar kai ne, domin duk wanda ya buɗe nasa teburin jibi, ya buɗe tasa ikilisiyar.

Ke nan kare baftisma da jibi ne ya ƙarfafa muƙami. Sai dai magabata ba su bar doka ta tauye jama'a ba. Littafin Didake ya fi son a yi baftisma a ruwa mai gudu, amma ya yarda a zuba ruwa sau uku a ka idan babu isasshe. Duk wanda ya san rani a ƙasar Dutse zai ga hikimar wannan sassauci. Wajen shekara ta 150, Jastin Shahidi ya bayyana cewa dikonawa kan kai gurasa da ruwan inabi ga waɗanda ba su samu zuwa sujada ba. Daga baya, a rikicin Donatawa na Afirka ta Arewa, Agustin na Hippo ya tsaya kan cewa ingancin baftisma bai rataya a kan halin mai yin ta ba, domin aikin na Almasihu ne.

A nan ne nazarin ya shafi ƙauyukanmu. Ƙananan majami'u na karkara galibi mai bishara ko katakis ne ke riƙe da su. Shi ke wa'azi, shi ke gaida mara lafiya, amma jibi sai an jira fasto ko Fada ya zo. Tsarin yana hana kowa ya ɗora wa kansa rawani, wannan gaskiya ne. Amma idan jiran ya yi tsawo, tsofaffi da marasa lafiya ne ke cutuwa.

Masu kafa hujja da Ignatiyus su tuna da Jastin ma. Ya kamata shugabannin ikilisiyoyin Jigawa su ƙara horar da 'yan ƙasa masu jin Hausa, su naɗa su, su kuma tsara ziyarar karkara a kan kari.