"Na gamsu" ba shaidar warkewa ba ce

Idan ka ga binciken da ya ce kaso kaza cikin ɗari sun gamsu da wani magani, kafin ka tura shi a WhatsApp, ka duba wa aka tambaya.

Irin wannan bincike ya yi yawa a kan ostiyofati, wato jinyar tausa da danna gaɓoɓi da hannu da Andrew Taylor Still ya ƙirƙiro a Amurka a 1874. A raba wa waɗanda suka je takardar tambayoyi, su ce sun ji daɗi, shi ke nan sai a rubuta "jama'a sun karɓa". A 2021 mujallar JAMA Internal Medicine ta buga wani gwaji da aka yi a Faransa kan mutum 400 masu ciwon baya: wasu aka yi musu ostiyofati na gaske, wasu taɓawar bogi kawai. Bambancin ya yi ƙanƙanta har masu binciken suka yi shakkar amfaninsa a aikace.

A Talata Mafara, Bakura ko Maradun da wuya ka ji wannan kalma. Mu mai ɗori muka sani. Sana'o'in biyu ba ɗaya ba ne, amma ramin da binciken ke faɗawa ɗaya ne, kuma a nan hannu ko ƙafa ake iya rasawa.

Tambayi manomin shinkafar Bakolori da ya karye a kan babur, zai ce maka ya gamsu, kuma yana da hujja. Mai ɗori na kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ga hanyar Gusau da tsada da fargaba. Ƙashi kuma, in dai an hana shi motsi, yakan haɗe da kansa cikin makonni, don haka da yawa suna warkewa da gaske.

To amma yaron da aka tamke wa hannu da karare har jini ya daina gudu fa? Tsoka na fara mutuwa cikin sa'o'i. Ranar da ake raba takardar a zauren mai ɗori, shi yana asibitin Gusau ko na ƙashi da ke Dala a Kano, ana shawarar yankewa. Ba ya cikin lissafi. Wanda ya tashi da ɗingishi kuwa zai ce ƙaddara ce, balle ga kunyar kushe wanda ya taimake ka a gaban baƙo.

Binciken da zai amfane mu shi ne wanda zai bi duk wanda ya shiga zauren tun ranar farko, ya ɗauki hoton ƙashi bayan wata uku, ya ƙirga waɗanda suka koma gona da waɗanda suka ƙare a asibiti.

Kafin nan, in yatsun wanda aka ɗaure sun yi sanyi, sun yi baƙi, sun daina ji, ko ciwon yana ta ƙaruwa, a sassauta ɗaurin a nufi asibiti nan take.