Mubi da Duwatsun Mandara a Farkon Damina: Tafiyar da Ta Biya Kuɗinta

'Yan uwana masu ƙafar yawo, ku da kuke ajiye hotunan ƙasar Norway a waya kuna haɗiyar yawu, ku dakata da neman biza tukuna. Ku bari ruwan shuka ya sauka, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ku kama hanyar Mubi. Ƙarshen mako ɗaya ya isa, kuma ni dai ban san wata gajeriyar tafiya a Arewa da ta kama ƙafarta ba.

Daɗin yana farawa tun a mota. Daga Yola kusan kilomita 200 ne, ta Girei da Song da Gombi da Hong, kuma kowane zango da irin nasa ado. A Song za ka ga duwatsun nan uku da ake kira 'yan uwa mata, a jere. Daga Hong kuwa, ƙasar Kilba, duwatsun sai ƙara tudu suke yi, baƙaƙe, sulɓaɓɓu, jiƙaƙƙu, ga sabuwar ciyawa kore shar tana hawa jikinsu, ga hadari ya sauko ya zauna musu a ka kamar rawani. Direba ma sai ya rage gudu.

Mubi kanta fa? Gari ne mai rai, mai hayaniya, mai kasuwanci, kogin Yedzaram na ratsa shi, duwatsun Mandara sun tsaya masa ta gabas, bayansu Kamaru. A kasuwa ɗaya za ka ji Fulatanci da Hausa da Gude da Fali da Faransanci, ɗan canji na lissafin sefa da naira a ka ba tare da ya taɓa kalkuleta ba. Ka leƙa tike, kasuwar shanu, ranar kasuwa ka ga shanun Chadi da Kamaru masu ƙaho kamar ba za su shiga tirela ba, dillalai na riƙe hannun juna ana "Albarka!" ana "Sallama!", 'yan lodi na ihu. Garin nan ya ga Jamusawa, ya zaɓi Nijeriya a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 har ya zama hedikwatar Lardin Sardauna, ya faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, aka ƙwato shi cikin makonni, ga shi yau ɗaliban Poli da na jami'ar jiha sun cika tituna. Yaya mutum ba zai so irin wannan gari ba?

Amma gwarzon tafiyar shi ne Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, idan ka wuce Michika. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a duk Nijeriya. Da ƙafa ake hawa, a kan hanyar da kakannin mutanen wurin suka daɓe da fala-falan duwatsu, kowane an zaunar da shi kusa da ɗan uwansa ba siminti ba ƙarfe, kuma har yau bai motsa ba. Kana hawa kana haki, sai ka waiga ka ga gonaki hawa-hawa tun daga gindin dutse har ƙololuwa, kowane hawa da katangarsa ta dutse mai riƙe ƙasa da ruwa, manoma sun duƙufa suna shuka dawa da gero a inda kai ko tsayuwa ba za ka iya ba. Tabarakallah!

A can sama, fiye da mita 1,000, ga fadar Hidi, sarkinsu: katanga, ƙofofi, rumbuna, duk na dutse. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin kiwon sa, wanda ake ginawa ƙasa-ƙasa a cikin gida, a sa ɗan maraƙi ana ba shi ci har ya zama ƙaton bijimi. Ga kuma tsofaffin matoyan narka tama, shaidar zamanin da ƙarfen Sukur ke zama fartanya a hannun manoman Barno. Iskar wurin kuwa, sanyi ƙalau, ta wanke maka duk gajiyar hawan.

Ƙorafi? Akwai. Ramukan hanya na cin lokaci, shingayen bincike ba iyaka, netwok yana zuwa yana tafiya, kuma abin takaici ne a ce wurin da duniya ta san da zamansa ba shi da masaukin kirki a kusa. Saboda haka ku kwana a Mubi, ku yi sammako, ku tambayi mutanen gari halin hanya kafin ku tashi, ku nemi ɗan jagora daga cikin 'yan Sukur, ku kuma gaida Hidi yadda ya kamata. Takalmi mai kama ƙasa dole ne, domin dutsen da ya sha ruwa ba ya wasa. Ku haɗa kanku, ku cika mota, ku tafi kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi.