A Tambayi Man Taransifoma Kafin Ta Ƙone

A Samaru da Sabon Garin Zariya an saba da abu guda: taransifoma ta buga, unguwa ta faɗa duhu, sai a shiga karo-karon gyara. A ganina wannan jiran ba shi da hujja, domin taransifoma tana bayyana tsufanta tun da wuri a cikin man da ke jikinta. Wayoyin cikinta a naɗe suke da takarda, kuma takardar ce ke yanke mata kwana. Mai in ya gurɓata ana tacewa ko a sake wani, amma takarda in ta ruɓe sai dai a sake naɗi. Zaren sabuwar takarda na ɗauke da ƙwayoyi kimanin 1,000 a sarƙe. Idan zafi da laima suka tsittsinka su zuwa 200, ƙarfinta ya ƙare. Ƙarin zafi na digiri 6 kacal kan ninka saurin tsufan, ga kuma bazarar Zariya da lodin da ya fi ƙarfin na'ura. Yayin ruɓewar, takardar na sakin sinadarai irin su furan da metanol cikin man, har ma masu bincike na Hydro-Québec a Kanada suka nuna a 2007 cewa metanol kan bayyana tun lalacewar ba ta yi nisa ba. 'Yar kwalba guda ta mai ta isa a auna waɗannan sinadarai.

Za a ce awon da tsada. Ga ƙaramar taransifomar kan falwaya, akwai ƙamshin gaskiya. Amma manyan da ke sauke wuta daga layin kilobolt 33 su ciyar da unguwanni da dama fa? Kuɗin awo bai kai ko kusa da na sabuwa ba, balle asarar masu walda da injin niƙa. Masana sinadarai ma ba nesa suke ba, tunda Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru tun 1962, cibiyar binciken sinadarai ta NARICT kuma tana Basawa; abin da ya rage kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric ya ƙulla aiki da su. Sukar da ta fi nauyi ita ce ɓarayi na zuƙe mai, a ƙara sabo, alamun su tsarme, awo ya nuna lafiya alhali takarda ta gaji. Haka ne, shi ya sa awo ɗaya tak yaudara ne. Kowace babbar taransifoma na bukatar kundinta, a riƙa rubuta sakamakon awon kowace shekara tare da ranar da aka ƙara mata mai da yawan abin da aka zuba.