Ɗan Wiwin Littattafanmu Ya Tsufa: Tsokaci A Kan Jigon Shaye-Shaye

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To amma duk mai bibiyar ƙagaggun labaranmu na Hausa, tun daga na bugun kasuwa har zuwa waɗanda ake karantawa a waya, zai lura akwai tauraro guda da ya ƙi sauya rawa, wato ɗan shaye-shaye. Kullum siffarsa ɗaya ce: jajayen idanu, baƙin leɓe, hula a karkace, murya a shaƙe. Aikinsa a labari kuwa bai wuce biyu ba, ko dai ya tare yarinya a lungu don jarumi ya zo ya cece ta, ko a yi wa budurwa auren dole da shi don mai karatu ya tausaya mata. Da ya gama aikin sai marubuci ya haukatar da shi, a ce Allah ya kyauta, a rufe babi.

Ƙorafina shi ne wannan hoto ya daɗe da tsufa, domin abin da ake sha ya sauya. A yau, ban da wiwin da aka sani, akwai wanda ake harhaɗawa da sinadarai, wanda a Nijeriya ake kira Colorado ko kolos, a Turai da Amurka kuma Spice ko K2. Asalinsa daga ɗakin bincike ne. Wani masanin sinadarai a Jami'ar Clemson ta Amurka, John W. Huffman, ya harhaɗa ire-irensa masu yawa domin nazarin ilimi, sai ga shi a 2008 an gano ɗaya daga ciki, JWH-018, a cikin Spice da ake sayarwa a Jamus. Yadda ake yin sa shi ne a narkar da sinadarin a fesa a kan busasshen ganye, kuma da yake feshin ba ya daidaita, wani naɗin ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana kama gurbin da wiwi ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma kamu mai tsanani, shi ya sa yake jawo amai, farfaɗiya, bugun zuciya, lalacewar ƙoda, har da mutuwa. A Saliyo, inda ake kiran wani haɗin makamancinsa kush, sai da Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

Wani zai ce adabi ai ba rahoton likita ba ne. Gaskiya ne, sai dai rashin sanin abu yana ɓata zubin labari. Alal misali, sau nawa muka karanta uwa ta gane ɗanta ta hanyar shinshina rigarsa? Sinadarin da aka fesa a kan wani ganye ba dole ne ya yi warin wiwi ba, kuma gwajin fitsari na yau da kullum ba ya cika nuna shi. Ashe ke nan akwai labari mai ratsa zuciya da muke tsallakewa, na iyayen da ɗansu ya yanke jiki ya faɗi, suka yi ta yawon neman maganin iska alhali ciwon yana wani wuri.

Matsala ta biyu ita ce wane ne mai shan. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi gardama a kan wannan adadi, ya isa ya nuna mana abin ya shiga gidajen mutunci, ya shiga ɗakunan matan aure. Amma a littattafanmu har gobe ɗan tasha ne kaɗai mai laifi.

Ba wai babu abin koyi ba. Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan yanki namu, ya yi waƙa a kan giya domin ita ce annobar da ya gani a zamaninsa. Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982 ya kutsa duniyar masu laifi bayan yaƙin basasa ba tare da kawar da kai ba. A Turanci kuwa, Abubakar Adam Ibrahim a Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci gasar NLNG a 2016, ya ba mu Reza, dillalin wiwi kuma ɗan bangar siyasa, amma ya nuna mana raunin da rabuwa da uwa ya bar masa, da 'yan siyasar da ke cin moriyarsa. Mai karatu ba ya yafe wa Reza, sai dai yana gane shi, kuma wannan ganewar ita ce wa'azin da ya fi shiga jiki.

Saboda haka shawarata ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce a yi bincike kafin a ɗora alƙalami. Ofishin hukumar NDLEA yana nan Dutse, ma'aikatan lafiya kuma suna kusa da mu. A saurari matashin da ya bar Miga ko Jahun ya tafi ci-rani bayan girbi, a ji abin da ya tarar a birni. A tambayi wa ya fara ba shi, me yake gudu, wa ke cin ribar. Sa'an nan a daina maida hauka hukuncin ƙarshe, domin ana warkewa daga shaye-shaye, kuma yaron da ya karanta cewa irinsa ba su da makoma sai bola, da wuya ya buɗe baki ya nemi taimako. Tun da mun ce faɗakarwa muke yi, wajibi ne mu san abin da muke faɗakarwa a kai. Allah ya sa mu dace.