Tsofaffin injinan zuƙar ƙura: sirrin ƙarkonsu da tarihin masu ƙera su

Injin zuƙar ƙura na'ura ce mai fanka a ciki. Fankar tana juyawa da ƙarfi, ta jawo iska haɗe da ƙurar da ta maƙale a kafet, ƙurar ta tsaya a jaka, iskar ta fice. Waɗanda ake kira tsofaffi su ne na farkon ƙarni na 20 zuwa wajen shekarun 1970, kafin roba ta kori ƙarfe daga jikinsu. A Amurka da Ingila har gobe akwai gidajen da ake shara da injin da ya haura shekara sittin, ga kuma masu tara su suna gyarawa don sha'awa.

Injin da Hubert Cecil Booth ya ƙera a Landan a 1901 ba ya shiga ɗaki saboda girma. Doki ke jan sa zuwa ƙofar gida, a zura dogayen tiyo ta taga. Da shi aka share kafet ɗin majami'ar Westminster Abbey gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Na ɗauka a hannu kuwa, wanda ya yi kasuwa, daga jihar Ohio ya fito. James Murray Spangler mai shara ne a wani kanti a garin Canton, ga shi da ciwon asma, ƙura kullum tana tayar masa da tari. Ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da akwatin sabulu da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar filo ta zama jaka. A 1908 ya sami takardar mallakar fasaha, amma ba shi da jari. William Henry Hoover, mijin wata 'yar'uwarsa, mai sana'ar fata ne da ke yin kayan dawaki, a daidai lokacin da mota ta fara kashe masa kasuwa. Shi ya sayi fasahar, kuma sunansa ne ya bi injin, har ya zama a Ingila kalmar Hoover ita ce sunan sharar kanta.

A Suwidin, Axel Wenner-Gren ya fito da Lux 1 a 1912, aka kafa Electrolux a 1919. Samfurinsu na 1921 kwance yake bisa sanduna biyu na ƙarfe, ana jan sa a ƙasa. A Cleveland kuma kamfanin Scott da Fetzer ya riƙa ƙera abin da Jim Kirby ya zana, daga 1935 aka sa wa injin sunan Kirby.

Dalilin ƙarkonsu na farko a fili yake ga duk wanda ya kwance ɗaya. Gangar jikin Kirby zubin alminiyam ce, da noti aka ɗaure ta, ba da gam ko ƙugiyar roba mai karyewa ba. In an buɗe, abubuwan da ke cinyewa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: bel na roba mai juya burushi, gashin burushin kansa, boris, da wasu 'yan gutsattsarin kabon guda biyu masu kamar gaɓar yatsa da ke kai wuta ga koyil. Kowanne ana zare shi da sukundireba a sa sabo. Babu allon lantarki da zai ƙone, babu batirin da zai mutu. Jakar ma ta yadi ce, a zazzage ta a mayar.

Hanyar da iska ke bi ita ma ta taimaka. A yawancin tsofaffin injinan tsaye, fankar tana dab da ƙasa, datti yana ratsa ta kai tsaye ya faɗa jaka. Tunda tafiyar gajera ce, injin da bai wuce wat ɗari uku ko huɗu ba yana fitar da yashi daga kafet, musamman bayan Hoover ya ƙara sandar da ke bugun kafet a 1926. Injin da ba a matsa masa ba ba ya yin zafi sosai, shi ya sa yake daɗewa. Illar wannan ƙira ita ce ƙusa ko kwabo in ya shiga yana iya fasa fankar.

Amma babban dalili yana ga farashi da yadda ake sayarwa. Hoover na 1908 kimanin dala 60 ne, a shekarar da motar Ford samfurin T take dala 850. Mai sayen irin wannan kaya ba ya tunanin jefarwa. Hoover da Electrolux da Kirby duk da tallar gida-gida suka ginu: ɗan talla ya zuba ƙasa a kan kafet a gaban uwargida, ya zuƙe ta, sannan a daidaita kan biya kaɗan-kaɗan. Kamfanin da zai riƙa komawa gida ɗaya karɓar kuɗi da kai kayan gyara ba zai so injinsa ya mutu a shekara ta biyu ba. Shi ya sa samfuri ɗaya kan daɗe ba a canza shi ba. Electrolux samfuri na 30, wanda Lurelle Guild ya zana, an yi ta ƙera shi a Amurka daga 1937 har 1954. Kirby kuwa ya yi wa wanda ya saya daga farko alkawarin sake gina masa injinsa a masana'anta bisa wani kuɗi da aka yanka.

Duk da haka akwai wuce gona da iri a yabon da ake musu. Waɗanda ake gani yau su ne suka tsira. Masu arha da suka lalace tuni aka narkar da su, ba mai tuna su. Suna da nauyi, suna da ƙara, kuma jakar yadi tana barin ƙura mai laushi ta koma ɗaki, abin da ke cutar da mai asma, irin mutumin da ya ƙirƙiro injin. Tsohuwar waya mai rufin roba tana bushewa ta tsattsage, a jikin ƙarfe kuwa wannan haɗari ne na gaske. Wanda ya ci karo da na Amurka a kayan gwanjo sai ya lura cewa na wutar bolt 110 zuwa 120 ne, ta Nijeriya da Nijar kuwa ta kai ninki biyu. In ba taransifoma, nan take zai ƙone.

Kamfanonin ba su kai injinansu ƙarko ba. Kamfanin Maytag ya mallaki Hoover a 1989. A 1992 reshen Hoover na Birtaniya ya yi tallar ba da tikitin jirgi biyu kyauta ga duk wanda ya sayi kayan fam 100, jama'a suka yi ca, asara ta kai kusan fam miliyan 50, aka sayar da reshen Turai ga Candy na Italiya a 1995. A daidai wannan tsakani James Dyson ya fito da injinsa marar jaka a 1993, ya ƙwace kasuwar Birtaniya. Hoover na Amurka ya koma hannun kamfanin TTI na Hong Kong, aka rufe masana'antarsa ta North Canton a 2007. Tsohon Electrolux na Amurka yanzu Aerus ake kiran sa, Kirby kuma ya bar hannun mai shi, kamfanin Berkshire Hathaway, a 2021.

Ƙarkon da kasuwa ta saki, doka ce ta dawo tana nema. Tun Satumba 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sabon injin gida da ya wuce wat 900, ta kuma wajabta injin cikinsa ya iya aikin aƙalla awa 500.