Wuƙar Daji: Nazari a Kan Yadda Maharbi Ke Zaɓen Wuƙarsa a Ƙasar Bauchi

Inkil, wadda a yau ta kusa haɗewa da birnin Bauchi ta gabas a kan hanyar Gombe, wuri ne da ya dace a tsaya a dubi dangantakar mutanen wannan ƙasa da daji, domin tarihin masarautar ya nuna cewa a nan Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya fara zama kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809, kuma labarin baka ya danganta zaɓen mazaunin birnin da shawarar wani maharbi mai suna Baushe. Hanyar da ta ratsa Inkil ita ce kuma ke kai matafiyi Dindima, inda ake ratsewa zuwa Yankari, gandun dajin da aka keɓe a 1956, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma a cikinsa har yanzu akwai kufan wuraren narka tama, wato dutsen da ake fitar da baƙin ƙarfe daga cikinsa. Ƙira da harbi tsofaffin maƙwabta ne a wannan yanki, kuma wuƙar daji ita ce abin da ya haɗa su.

Hausawa sun bambanta farauta da harbi. Farauta fita ce ta gayya da ake yi da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da sanduna da kiɗa, a fita da safe a dawo da yamma ko bayan 'yan kwanaki, alhali harbi sana'a ce ta mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, wadda galibi ake gada, kuma mai ita yakan kwana a dawa da kwari da baka ko bindigar gargajiya, ya nemi abincinsa da makwancinsa da maganinsa daga abin da dajin ya ba shi. Maharbi ne ya fi buƙatar wuƙar da za a dogara da ita, kuma abin da nazarin kayansa ke bayyanawa shi ne ba ya zaɓen wuƙa ita kaɗai. Yana zaɓenta ne a matsayin ɗaya daga cikin kayan kaifi biyu ko uku da suka raba aiki a tsakaninsu: gatari ko barandami na sara da faskare, adda ta share hanya da yankan ciyawar bukka, wuƙa kuwa an bar mata aikin da ke son natsuwar hannu. Wanda bai fahimci wannan rabon aiki ba shi ne ke zuwa kasuwa neman wuƙa guda da za ta sare itace, ta yanka zomo, ta haƙa rami, ya kuwa dawo da abin da bai iya ko ɗaya daga cikin ukun da kyau ba.

Aikin farko da ake auna wuƙar maharbi Musulmi da shi shi ne yanka, kuma wannan ma'auni ne da littattafan Turawa kan zaman daji ba su cika damuwa da shi ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk makarantar zaure ta sani, dabbar da aka harba aka riske ta da sauran rai dole ne a yanka ta, yankan kuma ya haɗa maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ba tare da an ɗaga hannu kafin a gama ba. Hadisi ingantacce ya yi umarni da a wasa wuƙa domin a hutar da abin yanka. Ma'anar wannan ga mai zaɓen wuƙa ita ce ruwanta, wato ɓangaren ƙarfen da ke da kaifi, dole ya zama sumul babu haƙora kuma babu giɓi, ya kasance da tsawon da zai ratsa wuyan gada ko barewa a ja ɗaya ko biyu, sannan siriri ne da zai shiga nama ba tare da an danna da ƙarfi ba. Wuƙar da aka yi wa haƙoran zarto a rabin bakinta ta faɗi wannan jarrabawa tun ba a bar gida ba.

Bayan yanka sai fiɗa, kuma a nan siffar baki ce ke magana. Wuƙar da kaifinta ya ɗan yi ciki, ya lanƙwaso a hankali zuwa tsini, ita ce ke bin tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai kai ta wurin majema, haka kuma ba ta fasa tumbi ta ɓata naman da za a yi banda da shi. Wuƙa mai baki biyu da dogon tsini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse a cikin kube mai zobe, wadda Buzaye da mutanen Sahel suka shahara da ita, an ƙera ta ne domin suka da kare kai, kuma ko da yake maharba da matafiya sun daɗe suna ɗaura ta, ba ta da daɗin aiki, domin babu inda za a ɗora babban yatsa a danna, kuma ba a iya buga bayanta da itace a tsaga wani abu. Sauran ayyukan sun fi yawa amma ba su da wuyar bayani: fiƙe turakun tarko, ɓare ɓawon kalgo ko na kuka a yi igiya, sassaƙe ɓawon magani, gyaran kyauron kibiya, yanka tsinken gasa nama. Duk waɗannan suna son gajeriyar wuƙa mai baki ɗaya, wadda ruwanta bai wuce taƙi ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Batun ƙarfe shi ne inda zancen ya fi zurfi, kuma inda maƙeri ya fi mai saye sani nesa ba kusa ba. Tun da ƙarfen Turai da tarkacen motoci da na jirgin ƙasa suka wadata a ƙarni na ashirin aka daina narka tama, maƙeran baƙi, wato masu ƙera kayan noma da makamai, saɓanin maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, suka koma ga sufirin ɗin mota da tsohon magagari. Wannan zaɓi yana da hujja a kimiyyance, domin abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, sufirin ɗin mota kuwa yakan ƙunshi kimanin kashi 0.6 cikin 100, magagari kuma ya kai kusan kashi 1, alhali rodin gini da ƙarfen ganga ba su da isasshensa, shi ya sa wuƙar da aka yi da su ke dakushewa tun ba a gama fiɗar akuya ɗaya ba. Maƙeri yakan zuga ƙarfen a garwashin gawayin ƙirya, wanda aka fi so saboda zafinsa da daɗewarsa, har ya yi ja, a zafin da ya kai wajen digiri 800, ya fitar da siffarsa a kan uwar maƙera da masaba, sannan ya sake zafafa shi ya tsoma a ruwa ko baƙin mai. Tsomawar ce ke kawo tauri, amma tana kawo gautsi tare da shi, don haka ƙwararre yakan sake ɗumama ruwan wuƙar kaɗan, yana kallon launin da ke bin ƙarfen, ya tsaya idan ya yi ruwan kara ko ya ɗan fi haka duhu. Wuƙar da aka tsallake mata wannan mataki na ƙarshe tana aske gashi a kasuwa, ta kuma tsage ranar da ta haɗu da ƙashi. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan goga magagari a bakin wuƙar: idan ya ci ƙarfen kamar yana cin itace, ta yi taushi, idan ya zame gaba ɗaya bai kama ba, ana tsoron gautsi, wadda ake nema ita ce wadda magagarin ke kamawa da ƙyar.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa, kuma wannan ne babban abin da masu sayar da wuƙaƙen waje masu ƙyalli ke kafa hujja da shi. Ƙarfe mara tsatsa, wanda ake samu ta hanyar gauraya aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na sinadarin kuromiyam, yana da amfaninsa ga masunci da mai aikin kicin, kuma akwai nagarinsa mai tsada da ke riƙe kaifi sosai. Sai dai yawancin wanda ke isowa kasuwannin Bauchi irin su Wunti da Muda Lawal a farashin talaka mai taushi ne, ba ya riƙe kaifi, idan kuma ya karye maƙerin ƙauye ba shi da yadda zai yi da shi. A ƙasar da rani ya fi damina tsawo, tsatsa ƙaramar matsala ce da ɗan man kaɗe ko kitse ke magancewa, baƙin ƙarfe kuma yana karɓar wasa a kan kowane lafiyayyen dutse na bakin rafi, sannan bayansa yana iya fitar da tartsatsi idan aka ƙyasta shi da ƙanƙara, kamar yadda ƙyastu ke yi kafin zuwan ashana. A ra'ayin wannan nazari, sauƙin gyara a inda babu shago ya fi kowace siffa nauyi a ma'aunin wuƙar daji, kuma a nan wuƙar maƙeri ta yi wa ta kanti fintinkau.

Raunin wuƙar gida, wanda bai kamata a ɓoye ba, yana ƙota. Yawancin maƙera sukan bar wa ƙarfen siririyar jela, su zafafa ta su soka cikin itace, kuma idan jelar gajera ce ko itacen ɗanye ne, hunturu na busawa ƙotar za ta saki, ruwan wuƙar ya riƙa girgiza ko ya zare a tsakiyar aiki. Wadda ta fi aminci ita ce wadda jelarta ta ratsa ƙotar har ta ɓullo ta baya aka lanƙwashe ta, ko wadda aka bar ƙarfen da faɗinsa aka manna masa itace gefe biyu da ƙusoshi, itacen kuma busasshe ne mai tauri irin marke ko ƙirya. Ƙota mai santsi haɗari ce ga hannun da ya jiƙe da jini, shi ya sa ake naɗe ta da fata. Kube kuwa aikin dukawa ne, kuma nagarinsa shi ne wanda ya haɗiye wuƙar har rabin ƙota, wanda idan aka kifa shi ba ta faɗowa.

Abin lura shi ne mutanen daji a wasu nahiyoyi sun isa ga wannan tsari na raba aiki tsakanin kayan kaifi ba tare da sun san juna ba. Mutanen Sami na arewacin Turai suna ɗaukar babbar wuƙa ta sara tare da ƙarama ta sassaƙa. Kuben kukri na Nepal yana da aljihun ƙaramar wuƙa da na ƙarfen wasa. George Washington Sears, Ba'amurken da ya wallafa littafinsa kan zaman daji a 1884, ya dogara ne ga ƙaramin gatari da wuƙar kube da 'yar wuƙar ninkewa. Mors Kochanski kuma, malamin zaman daji na Kanada, ya fifita ƙaramar wuƙa mai araha irin ta garin Mora a Suwidin, wadda tsawon ruwanta bai fi faɗin tafin hannu ba sosai. Ƙatuwar wuƙa mai zarto a baya da ramin ajiya a ƙota ta yi farin jini ne bayan fim ɗin Rambo na 1982, kwaikwayonta masu araha kuma suka cika kasuwannin duniya, duk da cewa ramin ƙotar yana nufin babu jelar ƙarfe a ciki, wato an raunana wuƙar a daidai inda ta fi buƙatar ƙarfi.

Akwai kuma wuƙar nuni a cikin al'adar Hausa kanta, ta 'yan tauri, waɗanda ke goga kaifi a jikinsu a fagen wasa idan kiɗa ya taso domin nuna cewa ƙarfe ba ya cinsu. Farauta da tauri sun daɗe suna cuɗanya, amma wuƙar fage ana zaɓenta ne don girma da ƙyalli, kuma kuskure ne a ɗauke ta ma'aunin wuƙar aiki. Wannan bambanci ya ƙara muhimmanci a Bauchi tun da ta'asar 'yan sara-suka ta sa duk matashin da aka gani da doguwar wuƙa a cikin gari ya zama abin zargi, lamarin da ya shafa wa maharba da makiyaya da masu neman zuma kashin kaji, alhali wuƙarsu gajera ce, baƙa, wadda sau da yawa wasa ya cinye rabin faɗinta.

Dajin da wannan ilimi ya girma a cikinsa yana ƙanƙancewa. Harbi haramun ne a doka a cikin Yankari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991 kafin a mayar da shi hannun gwamnatin jihar a 2006, kuma giwayen da suka rage a cikinsa suna cikin na ƙarshe a Nijeriya, don haka babu mai hankalin da zai yi kukan wannan hani. Gonaki da gidaje sun cinye yawancin dajin da ke tsakanin Inkil da kogin Gongola a Dindima, masu gawayi kuma sun rage ƙiryar da maƙeri ke dogara da ita. Masu buƙatar wuƙar daji a yau su ne makiyayin da ke kwana a ruga, da ma'aikacin gandun daji da ke sintiri na kwanaki, da mai ɗora amya a kan bishiya, da mai haƙar saiwar magani, kuma dukansu maƙerin unguwa ne zai iya ƙera musu wadda ta dace da hannunsu, ya sake mata ƙota idan ta saki, ya mayar da ita wuta idan bakinta ya yi giɓi.